Kwanon Ciyayya da Ragon Mai Ɗakina

A unguwarmu a Daura namiji ba ya cin tuwon dare a cikin gida. In an idar da magariba kowa ya shiga ya ɗauko kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wanda ya girmi kowa, a jera kwanuka, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ciyayya ke nan. Mu bakwai ne a tamu, babbanmu wani tsohon mahauci ne da muke ce wa Baba. Duk wanda ya ce maka cin abinci kawai ake yi a wurin nan, bai san garin ba. Alƙalanci ake yi wa matan da ba sa wurin. Kwanon da aka suɗe tas, matar gidan ta kwana da farin ciki. Wanda ya koma da nauyinsa kuwa, kafin hantsi labari ya tsallake katanga, mata sun ji cewa wance ba ta iya miya ba.

Shekara da shekaru kwanon mai ɗakina bai taɓa komawa da saura ba. Tuwon dawa ne, miyar kuka wadda ta ji daddawa, wata rana busasshiyar kuɓewa, da ɗan man shanu a kai. Da damina dambu da zogale. Ba abin a zo a gani ba ne, amma hannu yana shiga, ciki yana ɗauka.

Sai aka ƙaddamar da shari'a. Ba ni da ta cewa a kan wannan, addinina ne. Abin da na gani da idona shi ne, waɗanda a da ba ka ganinsu a majalisa sai dai ka hango su suna bin jikin bango, su ne suka dawo suka tsayar da gemu suka fi kowa baki. Aka buɗe Islamiyyar matan aure a bayan masallacin unguwa. Mai ɗakina ta ce tana so ta shiga, na ce Allah ya ba da sa'a, na sayo mata hijabi da littafin rubutu. Karatu kam ta yi, ba zan ci haƙƙinta ba, yau ta fi ni sanin farillan alwala. Amma littafin nan fuska biyu gare shi. Ta gaba hadisi, ta baya girki. Akwai wata matar ma'aikaci a ajinsu da ta taɓa zama a Kaduna, ita ce in malam ya fita take faɗa musu suna rubutawa, kamar wadda ta zo da wahayi.

Na farkon da ya fito ƙofar gida taliya ce da miyar kifin gwangwani. Baba ne ke buɗe kwanuka. Ya ɗaga murfin nawa, ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Taliya ce, Baba."

"Na san taliya. Tun ba a haife ka ba ake murza ta a ci da mai da yaji. Jajayen nan na ciki nake tambaya."

"Karas ne."

"Karas ɗin da yara ke gaigaya a tasha? Shi aka dafa? Laifin me ya yi?"

A cikinmu akwai taubashina, ɗan ƙanwar ubana, wanda tun muna yara bakinsa ba ya raga mini. Ya ce, "Baba, ka yi a hankali, wannan da cokali ake ci. Gidan ɗan uwana ya zama otal. Gobe sai mun zo da takalmi sau-ciki kafin a buɗe mana."

Aka yi dariya. Kowa ya ɗauki loma ɗaya don kara, aka ture kwanon gefe aka koma kan tuwo. Ni kuwa taubashin nan da idona na sha ganinsa a kasuwar Mai'adua, inda nake dillancin dabbobi, zaune a bencin mai shayi yana zuƙar taliyar leda da ƙwai har yana lashe cokali. Amma a gaban Baba ba wanda yake so a ce shi ne ya fara. Ni ma ban ci ba. Ba wai ba daɗi ba, abinci ne dai da in ka ci ka miƙe, kafin ka kai bakin titi ya zazzage, ka rasa ko ka ci ko mafarki ka yi.

Na ɗauki kwano na nufi gida, yana mini nauyi a hannu. Tsakanin zaure da tsakar gidanmu akwai ɗan fili inda ake ɗaure dabbobi, a nan ragon mai ɗakina yake a turke. Nata ne na kanta, ɗan tunkiyar da ta zo da ita daga gidansu, tana turka shi don Babbar Sallah. Na tsaya a nan ina jin muryarta a ciki tana yi wa yara faɗa, muryar mai jiran labari. Na tsince kifin na jefa wa kyanwa, na juye sauran a kaskon rago. Bai yi mini musu ba. Shi ba ya jin kunyar Baba.

Ta karɓi kwanon, ta jinjina shi, ta buɗe.

"Malam, sun ci?"

"Ga shi kina gani."

Har na riƙa yaba wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. Irin wannan wayon ai ko ɓarawon akuya ya iya shi.

To, tun daga ranar sai ƙofa ta buɗe. Yau shinkafa mai ruwan ɗorawa, gobe dankalin turawa da ƙwai, jibi ɗanyen kabeji da wani farin mai na kwalba, sanyi ƙalau kamar an kwaso daga randa. Ganyen da ko dafa shi ba a yi ba, wai shi ne abinci. Baba ya dube shi ya ce shi tun da aka yaye shi bai yi kiwo ba. Rana ɗaya ce kawai aka cinye da gaske, ranar da ta gasa kek a gwangwanayen madara cikin tukunya da yashi. Taubashina yana cewa burodi ne ya sha sukari ya yi girman kai, yana zura biyu a aljihu. Sauran ranakun duk rago ne ya rufa mana asiri.

Kwano yana komawa wayam, ita kuma sai ta ga ai ba ya isar su. Ta ajiye shi ta ɗauko babbar langa. Ta fara yi mini saƙo in zan tafi Mai'adua, in sayo taliya da kuskus irin wanda ake shigowa da shi daga Nijar, wani abu mai kama da tsakin masara da in ya ji ruwa yake kumbura. Ni da aka sani da igiya da sanda, na koma ina ɗaure kwali a bayan babur kamar mai kanti.

Abin bai tsaya gidana ba. Ta je Islamiyya ta gaya wa mata cewa maza ba sa barin ko ƙwara. Mazan suka ce wa matansu ba haka ba ne, matan suka ce kwano ba ya ƙarya, baƙin ciki ne kawai irin na maza. Ba a yi sati uku ba sai ga taliya a kwanon taubashina, ta caɓe kamar kunu. Ya dube ni kamar zai yi kuka.

"Kai ka jawo mana wannan masifa. Wai ina kake kai naka ne? Ko rijiya gare ka a zaure?"

Na ce ya ci abincinsa, matarsa ta sha wahala.

Mutum zai ce me ya hana ka gaya mata. Na yi niyya ya fi sau goma. Amma mace ce da ta yi shekaru tana tuƙa tuwo ba wanda ya taɓa ce mata sannu, yanzu ga ta mata suna shigowa da littattafansu tana nuna musu yadda ake yanka karas. Yanka take masa na musamman, ta fere gefe da gefe da ƙaramar wuƙa, in ta yayyanka ya fito kamar fure. Ina kallonta daga bakin ɗaki, in buɗe baki in rufe. Tsoro ne, ba wani tausayi ba. Ga rago ya yi ƙiba yana sheƙi, tana cewa dusarta ce da harawa. Ni kuwa dillali ne. Na sha gaya wa mutane a kasuwa kada su ba rago dafaffen abinci mai mai da yawa, yana kumbura shi. Na sani sarai. Sanin bai hana ni komai ba.

Ranar da abin ya ƙare kuskus ta yi, langa cike har murfi ba ya rufuwa, da mai da koren wake da karas ɗin nan nata. An yi rashin sa'a ranar an yi suna a gidan ɗayanmu, ya fito da tuwon shinkafa da miyar taushe da nama. Ko lomar kara ba a yi wa langata ba. Na juye ta duka a kasko, rago ya cinye, ya bi da ruwa.

Da na dawo daga sallar asuba na same shi kwance, gefen hagunsa ya tashi kamar ganga, yana nishi, kumfa a baki. Na ɗura masa man gyaɗa, na jiƙa kanwa na ɗura, na tashe shi tsaye ya zube. Mai ɗakina tana tsaye da buta a hannu tana salati, tana tambaya ko leda ya ci. Na aika aka kira Baba. Ya zo ya danna cikin da yatsa, ya ɗaga fatar ido.

"Kawo wuƙa kafin ya zama mushe."

Aka yanka. Baba ya feɗe shi a nan filin. Da ya zo kan tumbi ya ɗan tsaga, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni tsawon lokaci.

"Wannan tumbin kai ya kamata ka wanke shi da hannunka."

Na gane abin da yake nufi. Amma ina aka taɓa ganin magidanci ya tsuguna yana wanke tumbi, ga mata cike da gida sun shigo jaje? Wankin kayan ciki aikinsu ne. Na tsaya ina auna kunyar da kunya, har wata maƙwabciya ta miƙo hannu ta bayan ƙofa ta ja robar da aka zuba kayan cikin ta shige da ita. Baba ya goge wuƙarsa ya ce Allah ya kyauta.

Ba a daɗe ba na ji surutun matan ya ɗauke ɗif. Sai muryar mai ɗakina.

"Malam, shigo ka gani."

Matan suka ja mayafi suka koma gefe, amma ba wadda ta fita. Tana tsugune gaban roba, hannunta duk ƙazanta. Ta buɗe tafinta. Karas ne guda biyu, ɗaya ya dagargaje, ɗaya yana nan da yankansa na fure. A cikin robar kuwa kuskus ne ya fi rabin abin da ta zazzage.

"Tun yaushe?"

"Bari mutane su tafi."

"Ai sun riga sun gani. Tun yaushe?"

"Tun taliyar farko."

Ta dubi hannunta. Na ce, "Asirinki na rufa."

"Asirina? Da ka dawo mini da kwanona cike ran nan, kwana ɗaya zan yi ina jin haushi in koma tuwona. Wata huɗu ina tsaye gaban matan nan ina cika baki, ashe rago nake yi wa girki. Kai kana ji kana gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta ci gaba da wankin tumbin, ta wanke shi fes, ta yi mana farfesu da shi. Naman muka rarraba wa maƙwabta, kowa ya karɓa yana Allah ya mayar da alheri, yana danne dariya.

Abin da na yi wata huɗu ina gudu ya same ta ninki. Da kwano ne ya koma cike, da an yi gulma kwana biyu an manta. Wannan kuwa har a gidan biki ake ba da shi. Matan da suka riƙa zuwa da littafi su ne suka fara kiranta mai girkin rago, har da matar ma'aikacin da ta koya musu. Sati uku ba ta je Islamiyya ba. Sannan wata safiya ta sa hijabinta ta ɗauki littafinta ta fita. A majalisa taubashina ya so ya ɗauko zancen, Baba ya ce masa wanda ya sa kek a aljihu ba shi da bakin magana.

Tuwo ya dawo ƙofar gida, miyar kuka yau, miyar kuka gobe, ba ƙari ba ragi. Maza suka ce alhamdu lillahi, kamar su suka ci yaƙi. Girkin littafi kuwa ba ta daina ba har yau. A ƙaramar tukunya take yi da rana, ita da 'ya'yanta, su ci su wanke. Ni ba a zuba mini. Na taɓa cewa a ɗan sammini, ta ce ba abincin maza ba ne, kada ya ɓata mini ciki.

Kwanakin baya na dawo daga kasuwa da wuri, ta tafi makaranta, na tarar da tukunyar a kan murhu da sauran ɗumi. Wata shinkafa ce da hanta a ciki, ban san sunanta ba. Na ci a tsaye da hannu, ina waiwayen ƙofa, ni da gidana, da furfurata. Na gyara saman da cokali yadda ba za a gane ba. Gishirin ya ɗan yi yawa, kuma hantar tana son ƙarin wuta. Ban gaya mata ba, don ba a neman ra'ayina a kan wannan tukunyar.