Bokitin da Na Ajiye a Semarang

Zuru zuwa Abuja

Tun kafin gari ya waye na bar gida, 'yata Ladi na barci, zazzaɓin damina bai gama sakinta ba. Kwas ɗin noman shinkafa ne zai kai ni Indonesiya, ni kaɗai daga yankinmu. A motar Kontagora direba ya tambaye ni, "Malam, garin nan gaba da Makka yake?" Na ce gaba sosai. Daga nan sai shingayen sojoji da ramuka har Abuja.

Semarang

Jirgi ya kai ni Jakarta, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ni Semarang. Aka sauke ni gidan wata tsohuwa, Ibu Wati. Ba ta jin Turanci, waya ke yi mana tafinta. Gaisuwarta ta safe ita ce duk hirar da nake samu. In na dawo daga gona, sai ni da bango.

Mutumin Zuru in ya ga famfo na zuba, dole ya tara. Na cika bokiti na tura bayan ƙofa a buɗe, na manta da shi. Ashe duk Juma'a matan unguwa na bin gida-gida da tocila suna leƙa ruwa. Suka haska nawa, sai ga 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil.

Ibu Wati ta daina gaishe ni. Wallahi shirun nan ya fi nisan gida yi mini ciwo. Da na kasa jurewa na miƙa mata waya.

"Mama, ai a gidan sauro nake kwana."

"Wannan sauron da rana yake cizo," in ji ta, "kuma ruwa mai tsabta yake so. Zazzaɓinsa ya kashe jikata. Ɗakinta kake kwana."

Ta nuna mini yadda ake goge cikin bokiti, don ƙwan sauron na manne a jikinsa, ta ba ni murfi. Washegari ta gaishe ni.

Gida

Na iso Zuru da la'asar lafiya lau, na gode wa Allah. Ko takalmi ban cire ba na ɗauki tocila na nufi durom ɗin da ke bakin ɗakin Ladi.

"Mi ka yas ciki?" in ji mahaifiyata.

Na ce, "Inna, zo ki gani."

Ta daɗe tana kallon 'ya'yan sauron da ke ciki, ta juya ta dubi jikarta da ta rame. Ruwan sama ne da ta sha wahalar tarawa, amma da hannunta ta tuntsurar da shi.