Ranar da Jakuna Suka Kawo Mana Tsohon Kuɗi

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga ranar da zan manta Larabar da jakuna suka cika mana ƙofar gida a garin Ƙofa ba. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, jikoki su ɗauka kaka ta fara taɓuwa.

Maigidana malamin gona ne a lokacin, mutum mai hankali a komai, ban da abu ɗaya: tara kuɗin da. Ba na kashewa ba fa, irin wanda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Yana da 'yar adaka cike da wuri da aninai na farkon zuwan Turawa, ya yi ta goge su da toka kamar za su biki. Babban burinsa kuwa shi ne liyari, ƙaton kuɗin azurfar nan mai hoton wata mata mai ƙiba, wanda fatake suka yi ciniki da shi tun kafin a haifi kakanninmu.

Da na ga wasan nan zai cinye mu, sai muka yi sharaɗi. In albashi ya zo, a jefa ɗan abin da ya samu a gwangwanin madara, wannan nasa ne, ya sayi ko dutse ne. Kuɗin kwanon rufi kuma suna akwatina, mukulli a bakin zanina. Ɗakinmu yoyo yake ba na wasa ba, daminar da ta wuce duk tasoshina a kan gado suka ƙare ta, kuma na rantse ba zan sake ba.

Shekarar ba a daɗe da canza kuɗi ba, fam da sule sun tafi, naira ta zo. Ga kuma mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garuruwansu, wurin kwasar kaya da yawa sun tono tukwanen kuɗin da iyayensu suka binne. Da Malam ya ji haka sai ya haye keke, ya tafi sabon matsuguninsu, ya ce wa mai unguwa a sanar da jama'a yana sayen tsohon kuɗi, duk mai shi ya same shi gida ran Laraba. Ya dawo yana ta washe baki.

Na ce, "Malam, wane iri ka ce musu?"

Ya ce, "Tsohon kuɗi mana."

Na ce, "Ai kwabon da muka sayi gishiri da shi bara ma tsohon kuɗi ne yanzu."

Ya ce, "Ke dai ba ki san harkar nan ba."

To, ran Laraba na san ta. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji kukan jaki, na leƙa ta zaure. Tabɗi! Dattawa ne jere, wani da tulu, wani da buhu, wani ya ɗauro nasa a tsohon wando. Wani tsoho sa'an mahaifin Malam ya juye tukunyarsa a kan tabarma, yarrr, ba komai sai kwabo mai huji da taro da sisi, irin waɗanda kasuwa ta daina karɓa.

Tsohon ya ce, "Ga su nan, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mu har mun haƙura, ashe gwamnati ba ta manta da mu ba."

Ashe tun da malamin gona ne, sun ɗauka gwamnati ce ta aiko shi canji zagaye na biyu. Malam ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi furfurar tsohon, ya dubi ƙurar da ke ƙafarsa, sai kunya ta rufe shi. Na ji ya ce, "Madalla, Baba," ya buɗe gwangwani. Haka ya yi ta yi, kowa ya juye a sa masa albarka ya biya, gumi yana bin gemunsa. Kafin azahar gwangwani ya koma gwangwani.

A daidai nan wata tsohuwar Bafilatana mai tallar nono ta tsaya kallon taron. Malam ya ɗaga kai, sai ga liyari yana lilo a kitsonta, na gaske, azurfa tana ƙyalli. Ya miƙe har yana tuntuɓe da tulu. Ta ce in yana so za ta sayar, ta faɗi kuɗin, kuma wallahi bai fi abin da ke cikin gwangwanin da safe ba.

Ya faɗo cikin gida yana haki. "Ara mini mukulli, don Allah! Matar nan ce, ga ta can a kan Bafilatana!"

Na ce, "Matar nan ita za ta tare mana ruwa?"

Ya ce, "Kwano ai ko baɗi ana samu."

Na ce, "To baɗin ka saye ta."

Na ja akwati na zauna a kai daram. Ya roƙa, ya yi fushi, ya dawo ya kira ni da sunayen da rabona da jin su tun ina amarya. Gaskiya ya ba ni tausayi, idonsa har ya kaɗa, don shekara da shekaru yana neman abin nan. Amma ta taga ina hango gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai na ƙara gyara zama.

Bafilatana ta gaji ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, Malam ya raka liyari da ido har ya sha kwana. Sauran jama'a kuwa ni na sallame su daga bayan zaure. Na ce, "Iyayena, ku yi haƙuri, gwamnati ta tashi daga aiki." Na dama musu fura suka sha, suka kora jakunansu.

Kwana da kwanaki Malam ba ya ce mini ko sannu, ga buhunan kwabo sun tare mana hanyar rumbu. Aka sayo kwano, sai ƙusa mai hula ta yi wuya a kasuwa, sai marar hula, wadda ke zurmawa ta bar wa ruwa hanya. Na dubi buhunan nan, na ce wa kafinta, "Ga hula nan da hujinta a shirye." Kowace ƙusa aka zura mata kwabo ɗaya aka buga.

Ranar da ruwan farko ya sauka muna zaune a ɗaki, kwano yana ta kiɗa, ko ɗigo babu. Na ce, "Malam, ji tarin kuɗinka yana aiki." Ya daure, ya daure, sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce duk ƙasar Bebeji ba wanda ya yi rufi da kuɗi sai shi.

Liyari kuwa Malam ya same shi daga baya a kasuwar Dangora, bayan ya bar gwangwani ya cika, ya kuma neme shi da sunansa. Abin da na koya ke nan, nake kuma gaya wa jikokina: in za ka sayi abu ka kira shi da sunansa, kada ka ƙarar da guzurinka kafin na gasken ya iso, mukullin kuɗin rufi kuma ka ba wanda ba ya jin kunyar cewa a'a.