Safiyar da Muka Je Jiran Rana

Maigidana ma'aikacin lafiya ne. A shekarar da aka mayar da shi aiki ƙasar Shagari, ofis ya tura shi wani kwas can kudu, bakin teku. Ya dawo mana da busasshen kifi da kuma labari guda, wanda ya fi kifin daɗewa a gidan. Wai an kai su kan wani tudu da asuba, suka tsaya suna kallon rana tana fitowa daga cikin ruwa, kwale-kwalen masunta na yawo a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Duk wanda ya zo yi masa barka da zuwa sai ya ciro waya ya nuna masa hoton. Ko mai kawo mana ruwa a kura bai tsira ba.

Da damina ta yi nisa, wata rana ya shigo da murna ya ce ya gano tudu a hanyar Horo Birni, yana kallon fadamar da ruwa ya cika.

"Gobe da asuba zan kai ki ki ga hitowar rana," in ji shi.

Na ce, "Malam, kullum ina bakin murhu take iske ni."

"Wannan daban ta," ya ce.

Muna idar da sallah na bar yara wurin ƙanwata, na hau bayan babur. Hanyar duk laka ce. A gindin tudun muka jingine babur, muka hau da ƙafa, ni ina riƙe da zane da hannu ɗaya, takalmi da ɗaya, shi yana gaba yana haki yana ce mini in yi sauri. Da muka kai sama gabas ta fara ja. A ƙasa ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, tsuntsaye farare na tsaye a gefensa. Maigidana ya gyara hula, ya ce kada in yi magana, haka aka yi a can.

Ba mu daɗe da yin shirun ba sai ga wani makiyayi ya hauro da sanda a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tsaya kusa da mu, ya dubi inda muke duba. Can ya ce, "Bisa ta ɓace muku, akuya ko tunkiya?"

Maigidana ya ce a'a. Makiyayin bai tafi ba, ya dai ƙara kare ido da hannu. Ganin mutum uku tsaye a kan tudu suna leƙen wuri ɗaya, wasu mata biyu masu zuwa itace suka ratso. Bayansu wani dattijo da kalmen noma a kafaɗa, wanda daga baya muka ji gonar gindin tudun tasa ce. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da ruwa, idonsa na kan wayar maigidana da farar rigarsa.

"Malam, awon ƙasa kunka zaka yi? In hanya za a hid da, ku gaya min tun gero bai nuna ba."

"A'a, Baba. Rana muka jira."

Dattijon ya dubi gabas. "Ta ce ba ta zuwa yau?"

Matan suka rufe baki da gyale. Ni ma na sunkuyar da kai, don in na haɗa ido da su an gama. Maigidana bai ji haushi ba, shi mutum ne mai son a fahimce shi. Ya juya ya ba gabas baya, ya ciro waya, ya fara labarin teku tun daga tashar mota. Dattijon ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya ce to wannan ruwan mi ake nomawa a bakinsa? Aka ce ba a noma, gishiri gare shi. Makiyayi ya tambaya ko shanu na sha. Aka ce ba su sha. Suka dubi juna cike da tausayin mutanen can.

Suna cikin haka rana ta fito. Da farko wani jan baki ne a bayan itatuwan giginya, sai ta ɗago gaba ɗaya, ruwan fadama ya koma kamar an narkar da tagulla a kai. Tsuntsayen suka tashi a tare. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba. Na ja hannun rigar maigidana, ya ce in dakata, yana bayanin yadda ruwan teku ke ja da baya ya dawo, dattijon kuwa ya rantse ba zai yarda ba sai ya gani.

Sai da zafi ya taɓa wa maigidana ƙeya ya waiwaya. Rana ta riga ta yi fari, ba ta kalluwa.

"Yaushe ta hito?"

"Tun ɗazu, Malam," in ji ɗaya daga cikin matan.

Dattijon ya ga yadda fuskarsa ta yi, ya ce ya yi haƙuri, gobe ma in Allah ya kai mu nan za ta biyo. Ya kuma hana mu tafiya sai da ya sauka gona ya tsinko mana kuɓewa cike da hularsa, ya juye mini a gyale.

A hanyar dawowa muka bar laka muka hau kwalta. Can maigidana ya rage gudu, ya ɗan karkato kai.

"To, gaya min. Ta kai ta can kyau?"

Na ce ban ga ta can ba sai a waya, amma wannan ta sa na manta takalmina a kan tudu. Ya taka burki, ya dubi ƙafafuna, sannan ya juya babur.