Mai Almakashi a Tsohon Lambu

An ce in share tsohon lambun furanni da tarakta kafin la'asar, za a yi wurin ajiye motoci a wurin. Ina isowa na tarar da wata mata a tsugune tsakanin layukan.

Siririya ce, ta haura hamsin, tabarau yana zame mata a hanci, gefen farar rigarta duk taɓo. Ko kallon furen ba ta yi. Sabon ganye take yanka ta jefa a 'yar kwalba, ta rubuta lamba, ta tura cikin kular ƙanƙara, sannan ta sa reshe ɗaya a jiƙaƙƙen buhu. Kafin ta taɓa shuka ta gaba, sai ta goge almakashinta da sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta. Na ƙirga sau talatin, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Baiwar Allah, duk jajaye ne fa, iri ɗaya."

"Baba, kama da wane ba ta wane," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Sai na gwada ƙwayar halittarsu zan san dangin kowa. Wataƙila wani a nan ba shi da ɗan'uwa ko'ina."

Na sha ganin masu takardu, bakinsu ya fi hannunsu aiki. Wannan kuwa, ina jin ko abinci a tsaye take ci.

Saura mata layi shida, kuma ba ta roƙe ni komai ba. Na kashe injin, na buɗe murfinsa, ina ta duba man da na san a cike yake.