Duwatsun Murhun Inna

Wata Laraba ce da rani, a shekarar da aka daina kashe fam aka koma naira, Baba ya shigo gida da hantsi, jakinsa na nishi ƙarƙashin mangala. Na ɗauka hatsi ne, har na yar da igiyar gugan da nake tufkawa na ruga. Da ya zazzage a tsakar gida sai ga fararen duwatsu, cikinsu da jijiyoyi masu ƙyalli kamar gwangwanin madara, ga nauyin da ya fi girmansu. Shekarata goma a lokacin, muna wani ɗan ƙauye kusa da Tsaskiya, kuma damina biyu ke nan gero na bushewa a tsaye kafin ya fid da kai.

Rumbunmu kaji ne ke ƙwai a ciki. In mun taso daga firamare, mu yara mu bazu tsinkar tafasa da yaɗiya, ko mu tone gidan tururuwa mu kwashe tsabar da suka tara. Langa ma mun daina, don ba mai ƙarfin tsalle da ƙafa ɗaya. Magidanta kuwa sun koma wani kwazazzabo a yamma da gari suna wanke yashi a ƙwarya, ko Allah zai sa a ga ɗan jan zinariya a gindi. Baba bai taɓa dacewa ba, sai ya bar yashin ya bi wata farar jijiya a jikin dutse da diga, ya kusa wata biyu yana sara. Abin da yake gudu shi ne sayar da gonarmu ta gado, wadda wani mai shanu daga Zakka ya daɗe yana zawarci.

Al'adar garinmu, duk abin da aka tono sai an kai wa maƙeri Mamman. Gwajinsa ɗaya ne, na kaka da kakanni: ya ɗora a uwar maƙera ya buga. Ya ɓantari mai ƙyallin ya sauke masa masaba, ya ruguje kamar ƙanzo. "Zinariya ba ta fashewa, Malam Sani, miƙewa take. Wannan kwallin aljanu ka kwaso." Maƙera ta ɗauki dariya. Daga ranar, in Baba ya wuce majalisa sai a ce, "Mai arziki, a tuna da mu."

Inna ba ta zubar da abu. Ta zaɓi manya uku cikin duwatsun ta kafa murhu. Wuta na kama su sai wani farin hayaƙi ya riƙa tashi, gida ya gauraye da warin tafarnuwa, alhali ko ƙwara ba mu da ita. Warin ya shiga numfashinmu da guminmu, har a aji yara suka riƙa matsawa daga bencina. Kwasar toka aikina ne, kuma a nan na fara ganin wasu ƙwayoyi rawaya sun tsattsafo a jikin duwatsun kamar zufa, ba su kai ƙwayar gero ba. Na riƙa kankarewa da ƙusa ina tarawa a kwalin ashana, har ya yi rabi.

Ranar da shaidu suka zauna a zaurenmu don cinikin gonar, na tare Baba a bakin ƙofa na miƙa masa kwalin ashanar. Ya ɗan tura kwalin da yatsa, ya leƙa, ya rufe. "Je ka da abin wasanka, maƙeri ya gama magana." Aka sallama gonar a kan 'yan buhunan dawa. Inna ta gaji da warin ta watsa duwatsun a kududdufi, ni kuma na ba wani abokina kwalin ya ba ni ƙuli-ƙuli biyu. Baba ya koma ɗan ƙwadago a gonar da ubansa ya sassabe, kuma a haka ya rasu.

Na girma na zama dillalin duwatsu. Wata rana a Jos, wani dattijo mai gwajin ma'adinai ya hura wa wani ɗan dutse wuta a gabana, warin tafarnuwar nan na murhun Inna ya buge ni, na tambaye shi ko mene ne. Ya ce sunan sinadarin teluriyam. Ƙarancinsa a ƙasa kamar na zinariya ne, kuma da wuya a same shi shi kaɗai. Yakan kama zinariya ko azurfa ya haɗe da ita, ya ɓoye launinta, ya sa ta zama mai fashewa. Wuta ce ke korarsa ta bar zinariyar a fili.

Ba zan ce da mun yi arziki ba, na sayi duwatsu da yawa, na san yadda jijiya ke yaudarar mutum. Amma na san awo, rabin kwalin nan ya isa ya kai mu damina da gonarmu a hannu. Yau ina da sikeli da madubin duba dutse da sani, sai dai hanyar ƙauyenmu ba ta biyuwa. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen, mutanenmu na rakuɓe a Batsari da Katsina, gonar kuma sabara ta cinye ta, babu mu babu mai shanun. Na daɗe ina jin haushin Mamman, yanzu na daina. Bai yi ƙarya ba, iyakar abin da aka koya masa ke nan.