Hawan Wata da Rigimar Wane Ne Babba

Shekarun baya kaɗan, bayan rasuwar baffanmu, dattijo na ƙarshe a gidanmu na Gummi, sai maganar wanda zai riƙe gida ta taso. Mu biyu ne manya: ni da ɗansa, wanda ke ɗinki a Anka. Tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Ba a rubuta ranar haihuwar kowa a cikinmu ba, amma da yake na fi shi jiki da furfura, ban taɓa shakkar ni ne babba ba.

Shi kuwa ya kafe shi ne. Abin ba na wasa ba ne, domin babba shi ke ba da auren 'yan matan gida, shi ke raba fadamar shinkafa. Aka tara dattawan unguwa. Wannan ya ce shekarar fari aka haife ni, wancan ya ce a'a, shekarar ambaliya ce. Aka tashi baram-baram. Ya koma Anka cikin fushi, har ƙaramar Sallah ta wuce ba mu gaisa ba.

Wata rana da la'asar, cikin damina, ina tsakar gida da rediyo, Inna, mahaifiyata, na gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai mai labarai ya ce yau shekara hamsin da ɗan Adam ya fara taka wata.

Inna ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hamsin? Ashe ɗan'uwanka ya tsufa."

Na ce, "Inna, mi ya haɗa shi da wata?"

Ta ce, "Ai ranar sunanshi labarin ga ya zo. Wani direba ya jiyo a rediyo. Maza sunka bar rago ɗaure suna ta musu ƙofar gida, har liman ya ce in ba a raɗa suna ba tafiya zai yi."

Na ce, "Ni kuma ina ina?"

"Kana inda Allah ya aje ka. Da cikinka na daka hurar sunan. Sai da anka yanke gero kana ka zo."

"Inna, duk rigimar nan kina ji kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni?"

Gaskiyarta. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsoma baki a maganata ba a neme ta ba.

Na daɗe ina juya abin. Ni kaɗai na ji, kuma na san Inna ba za ta maimaita ba. Amma ba zan iya zama a gurbin da ba nawa ba tana kallona. Na shiga motar Anka, duk da hanyar ba daɗi a lokacin. Na tarar da shi kan kekensa na ɗinki, na ce, "Yaya, barka da aiki."

Ya tsayar da keken ya ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har da hawaye. Can ya ce, "Kai ke gida, ka riƙe fadama. In an zo neman aure dai a kira ni." Haka muke har yau.

Duk shekara idan aka tuna ranar nan a rediyo, wasu na maganar kumbo, ni kuwa abin da ke zo mini daban ne: mun tara masu gemu muna neman shaida, mun tsallake matar da aka yi komai a gabanta.

Kafin rasuwarta na taɓa tambayarta ko ta yarda an hau watan. Ta taɓe baki ta ce, "Ƙarya ta! Amma ranar da anka yi ƙaryar, ni dai da cikinka nike."