Gertrude da Zomayen Ezra Dring

Ezra Dring gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya shigo ɗaki sai a ga kamar an turo akwatin kaya. A Scarnby aka haife shi, cikin fadamun Lincolnshire can ƙasar Turawa, inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe ba tudu ba kwari, har mutum kan hango surukarsa tun tana fitowa daga gida ya sami lokacin ɓuya. Bai gaji gona ba, bai gaji kyau ba. Abin da Allah ya ba shi damatsa ne, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Bayan babban yaƙin duniya ya sayi tarakta koriya mai silinda ɗaya, ya riƙa yi wa manoma huɗa da casar alkama. Ya raɗa mata suna Gertrude, sunan gwaggonsa, wai tarinsu iri ɗaya ne. Bai yi ƙarya ba. In Gertrude na aiki, tum, tum, tum, kofunan shayi na rawa a kan kantar kowane gida, kaji kuma su daina yin ƙwai don fushi.

Ta hanya biyu ake tayar da irin wannan inji. A duka biyun sai ka naɗe 'yar takarda ka kunna mata wuta, ka cusa ta a goshin injin tana ci a hankali. Daga nan ko dai ka kama ƙarfen murɗawa ka juya ƙaton faifan da ke gefe da ƙarfin tuwo, aikin da maza biyu kan yi suna nishi, ko kuma ka ɗauko harsashi irin na bindigar farauta, mai albarushi zalla ba dalma, ka sa shi a gurbinsa, ka ɗaure murfi, ka kwaɗa wa fil ɗin da ke tsakiyar murfin guduma. Ƙara ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya tashi. Ko 'yar tsohuwa za ta iya.

Abin da ya sa Ezra ya raina harsashi ke nan. Shi kaɗai yake murɗa Gertrude, sanyi ko zafi, kuma in akwai mata a kusa sai ya fara naɗe hannun riga. Matarsa Mabel, doguwa ce mai magana ɗaya-ɗaya, takan ce da a haka yake naɗe hannu in an zo wankin kwanuka da ta ƙara son sa.

Maƙwabcinsu Horace Elvidge shi ne abokin faɗansa tun suna firamare. Horace siriri ne mai dogon wuya, yana da 'yar tarakta toka-toka da ake tayarwa da maɓalli, ga shi da bakin tsokana. Wata ranar Asabar da yamma a mashayar gari, bayan kofi ya bi kofi, Horace ya dube shi ya ce, "Kai Dring, tsufa fa ba ya aiko da saƙo. Wata rana za mu ji ƙarar harsashi daga rumfarka."

"Daga rumfata?"

"Daga rumfarka. Kai da guduma, kamar matar fasto tana kafa ƙusa."

Ezra ya miƙe, wanda bai ƙara masa tsawo sosai ba, ya dafa tebur. "Ku shaida. Ranar da aka gan ni na tayar da Gertrude da harsashi, Elvidge ya zo ya tafi da ita. Kyauta."

Kowa ya shaida. Mutanen Scarnby na iya manta ranar aurensu, amma ba sa manta rantsuwar da wani ya yi a mashaya.

Shekaru suka wuce lafiya. Sai wata safiya ta hunturu, ƙasa ta daskare, Ezra ya kama ƙarfen ya yunƙura, wani abu ya ce ƙas a kafaɗarsa ta dama. Ya zauna a kan buhun dankali har zafin ya lafa, ya sake gwadawa. Faifan ya yi rabin juyi ya dawo, kamar mai tambaya ko an gama wasan. Ga gonar mutane na jira. Ezra ya leƙa waje, hagu da dama, ya jawo akwatin harsasan da aka haɗo masa da taraktar tun ranar saye, wanda bai taɓa buɗewa ba. Ya rufe ƙofar rumfa. Ya ɗaga guduma da hannun hagu.

Ƙarar ta kai har coci.

Da tsakar rana yana wucewa Horace ya leƙo ta kan shinge. "Na ji harbi da safe, Dring."

"Zomo ne," in ji Ezra, ko tsayawa bai yi ba. "Suna cinye min kabeji."

Wanda ya ce ya harbi zomo kuwa dole a ga zomo. Tun daga ranar Ezra ya shiga sana'a ta biyu. Kafin rana ta faɗi ya bi bakin magudanar ruwa yana ɗana tarkon waya, da sassafe ya kwance abin da ya kama, ya rataya bindiga a kafaɗa don idon jama'a, ya shige rumfa, a ji ƙara, sannan ya fito riƙe da zomo ta kunnuwa yana ɗaga shi sama yadda za a gani daga tagar Elvidge. Gari ya ɗauka. Aka ce Dring ba ƙarfi kaɗai ba, har da saiti, bai taɓa harbi biyu ba.

Mabel ce ke feɗewa. A rana ta farko ta ga shatin waya a wuyan zomon, ta duba naman kaf ba ta ga ƙwayar dalma ko ɗaya ba, ta kuma lura mijinta da hannun hagu yake ɗaukar kofi. Ta ɗora tukunya a wuta. Macen da ta daɗe a gidan aure ta san akwai ƙaryar da in ka tona ta kai za ka kwana da gawar. Ta dafa zomo da albasa, ta gasa shi cikin ɓawon fulawa, ta yi farfesunsa da karas, ta soya, ta sake dafawa. Fiye da shekara biyu gidan Dring na warin zomo.

"Mista Dring," ta ce masa wata rana, don haka take kiransa in ranta ya soma ɓaci, "ba ka taɓa tunanin harbin saniya ba?"

Ya sunkuyar da kai cikin kwano.

Sai ga wata cutar zomaye ta shigo ƙasar. Cikin 'yan watanni suka ƙare ƙarƙaf, ka yi tafiyar yini a fadama ba ka ga kunne ɗaya ba. Manoma suka yi murna. Ezra ya rame. Tarkunansa suka yi tsatsa, ƙara kuwa ba ta fasa tashi daga rumfa kowace safiya ba. Ya ce kurciya ce. Ya ce hankaka ne. Sau ɗaya ya ce ɓera.

Da kaka ta zo, ana saura kwana kaɗan gasar huɗa ta gari, Horace ya same shi yana shafa wa garma mai, ya jingina da ƙofa yana cusa taba a lofe.

"Dring, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Wane irin zomo ne in an harbe shi sai inji ya tashi?"

Ezra ya ci gaba da shafa mai a wurin da ya riga ya shafa.

"Tun safiyar farko na sani," in ji Horace. "Bindiga in ta yi ƙara shiru ke biyo baya. Taka kuwa tum-tum-tum ke biyo ta."

"To me ya hana ka magana?"

"Tambayi matarka. Duk Laraba da Asabar takan miƙo wa matata Edna zomo ta kan shinge, a gashe, da romonsa. Mutum ba ya magana da baki cike." Ya kunna lofen. "Yanzu bakina ba komai. Sai mun haɗu a fili."

Da Ezra ya shiga gida ya tsaya a kan Mabel yana huci. Ta ci gaba da murza fulawa.

"Ke kika riƙa ciyar da maƙiyina da zomayena?"

"Ni na saya maka shekara biyu a kan kujerar Gertrude," ta ce. "Kuma da ban rage su ba da yanzu kunnuwana sun yi tsawo. Wanke hannunka."

Al'adar gasar ita ce kowa ya kawo taraktarsa bakin fili tun jajibiri, ta kwana a nan, da safe a tayar a gaban alƙalai. Kowace shekara tayar da Gertrude shi ne abin kallo, ya fi huɗar kanta jan jama'a. Bana ma aka zagaye ta. An kwana ana ruwa, fili ya yi taushi. Ezra ya kunna takarda ya cusa, ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi, ya kama ƙarfen. Ya yunƙura har jijiyoyin wuyansa suka fito. Faifan ya motsa, ya tsaya, ya dawo. Ya sake. A karo na uku gwiwarsa ta kai ƙasa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wani ya matso zai kama masa, Ezra ya harare shi ya koma.

Yana iya cewa inji ne ya ƙi, ya tafi gida da sunansa da taraktarsa. Ya yi tunanin haka, an gani a fuskarsa. Amma ya dubi layin da aka yanka masa, ƙasa baƙa mai kyau tana jiran garma, ga shi tun da aka fara gasar bai taɓa fashi ba. Mabel ta ratso mutane, ta buɗe jakar hannunta da take zuwa coci da ita, ta fito da harsashi da 'yar guduma.

"Ga zomo can ƙarƙashin injin, Ezra," ta ce. "Harbe shi mu huta."

Ya karɓa. Ya sabunta takardar, ya daidaita faifan, ya sa harsashin, ya ɗaure murfi, duk a natse, a gaban kowa. Ya kwaɗa. Hayaƙi ya rufe alƙalai, wani kare ya tsere bai dawo ba sai washegari, Gertrude ta ce tum, tum, tum. Horace ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Ya mutu," ya ce.

Sai a lokacin aka yi dariyar. Ezra ya hau ya yi huɗarsa, layi miƙaƙƙe kamar an ja zare, ya zo na biyu. Da ya kai ƙarshe ya sauko ya bar injin na aiki, ya shafa mata goshi, ya ce wa Horace, "Ga ta." Ya juya ya kama hanyar gida a ƙasa, bai waiwaya ba. Mabel ta bi shi a baya da kofinsa na shayi.

Horace ya hau yana washe baki. Kafin ya kai bakin titi Gertrude ta girgiza shi har haƙoransa na roba suka faɗo cikin aljihun rigarsa. Duk da haka nasara sai da shaida, ya nufi mashaya. Ya tsayar da ita a kan ciyawar da ke gaban ƙofa, ya kai hannu zai kashe, sai ya tuna bai san yadda ake tayarwa ba, kuma ba zai tambaya ba. Ya bar ta tana aiki ya shiga.

Duk wanda ya taɓa zama da irin wannan inji ya san ba a barin sa yana bugawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowane tum sai ya ɗan daka ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Horace na ciki yana ba da labari, ana cika masa kofi, yana maimaitawa da ƙari. Da ya fito, Gertrude ta haƙa wa kanta rami ta zauna a ciki har cibiya, tana tari cikin kwanciyar hankali. Ya kawo 'yar taraktarsa ya ɗaura sarƙa, sarƙar ta tsinke. Aka kawo dawakai biyu, suka ji ƙarar suka ƙi matsowa. Mai mashayar ya ce in ba a cire masa wannan abu daga ƙofa ba, Elvidge ya nemi wani wurin shan.

Kafin magariba Horace ya ƙwanƙwasa ƙofar Dring, taɓo har gwiwa, hula a hannu. Mabel ta buɗe.

"Maigidan na nan?"

"Yana nan. Ya ce ba shi da tarakta, don haka ba shi da magana da kowa."

"Ki ce masa taraktata tana neman direba."

Da katakai da buhuna da baƙar magana Ezra ya fito da ita. A nan bakin ramin aka yi sharaɗi: Gertrude ta Elvidge ce, rantsuwa ba ta tashi, amma a rumfar Dring za ta riƙa kwana, Dring ne zai tuƙa ta, kuma ya yi wa mai ita huɗar gonarsa duk kaka.

Haka suka zauna har Ezra ya tsufa tuƙuf. Kowace safiya ƙara ta tashi, yanzu ƙofar rumfa a buɗe, Horace ya leƙo ta kan shinge ya ce, "A hankali da dukiyata, Dring." Ezra ya amsa masa da abin da ba a rubutawa. Har yau a Scarnby in mutum zai tayar da tsohon inji da harsashi cewa yake zai je harbin zomo, yaran yanzu ma na faɗa ba su san mafari ba.

Zomaye sun dawo fadama daga baya, sun fi da yawa. Mabel ta rayu ta haura tasa'in, kuma duk wanda ya kawo mata ɗaya kyauta takan yi godiya, ta jira ya juya baya, ta miƙa shi ta kan shinge.